Zobba Huɗu a Jikin Ƙusa

Birnin Kudu, Asabar da hantsi.

Zuwa ga Na Inna,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Kano lafiya, kai da akwatin kayan aikinka. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ko da yake ba ta san na yi rubutun nan ba. Na sa takardar a ƙarƙashin sifanoni ne don na san nan za ka fara kai hannu.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna. Shekara ashirin muna gida ɗaya, shekara shida muna gareji ɗaya, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, kuma ka san yadda muke. Ba na kama sunanka, ba na haɗa ido da kai, in ina son sifana sai in ce "a miƙo sha uku", kamar da iska nake magana. Kakarka ta sa maka Na Inna, ni kuma na samu wurin fakewa. To yau akwai maganar da "a miƙo" ba za ta ɗauka ba. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, hannuna ya fi sabawa da guduma.

Ranar Laraba Alhaji Mudi, mai garejin Kano da zai ɗauke ka aiki, ya tsaya a wurinmu. Ina kwance a ƙarƙashin wata babbar mota, amma kunnena yana waje. Na ji ya ce ɗan wani attajiri ya kawo masa ƙaramar motar gudu mai kujera biyu, yana son a ɗaura mata shokazoba, ƙarfen nan mai shanye girgizar hanya, mai zare, irin wadda sifirin ke naɗe a jikinta, ana murɗa zobe a ɗaga mota ko a sauke ta. Ya ce da kai, "Ka taɓa ɗaura irinta?" Ka sosa bayan kunnenka ka ce, "Na sani, Alhaji." Ya ce, "Madalla, to Litinin da ita za ka fara."

Ba ka sani ba. Irin wannan shokazoba sau ɗaya ta taɓa shigowa garejin nan, kuma a lokacin kana goye a bayan mahaifiyarka. Sosa kunnen nan kuwa nawa ne, a wurina ka gaje shi, haka nake yi in zan faɗi abin da ban tabbata ba. Na ji ka sarai, na ci gaba da ɗaure noti. Da na fito sai na ga ka rubuta "Ɗan Daidai" da jan fenti a jikin akwatinka, kana ta sha masa iska ya bushe. Kana tsammanin sunan nan da ake kirana da shi, Sale Daidai, yabo ne. Bari in gaya maka inda na samo shi, kafin ka taɓa motar ɗan mutane.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Turawa suna ta haɗa kaya. Akwai wani Baturen dabbobi da ya yi shekaru yana yawon rugage tare da Malam Haruna na Gwaram, malamin da ke yi wa shanu allura. Da zai tafi sai ya bar masa motarsa, 'yar ƙarama, koriya, ba rufi, in ka zauna a ciki gwiwarka tana gaisawa da haɓarka. A but ɗinta, wurin ajiye kaya, akwai kwali ɗauke da shokazoba huɗu sababbi da sifirin ɗinsu, waɗanda Baturen ya aika a kawo masa daga ƙasarsu, suka iso yana kan tafiya. Motar ta yi ƙasa da yawa, ko'ina ta bi a hanyar Surko ko Yalwan Damai sai cikinta ya kwashi yashi. Malam Haruna ya kawo mini ita gindin maɗacin nan da kake gani, ya ce in ɗaura, in ɗaga ta.

A cikin kwalin akwai takarda da Turanci, da zane-zane. Malam Haruna ya yi makaranta, ya ɗauke ta ya ce, "Sale, in karanta maka?" Direbobi uku suna zaune a benci suna kallona. Ni kuma lokacin ina ji da kaina, na yi shekara biyar a hannun wani tsohon makanike a Kano, na dawo gida ni kaɗai ne mai jak a garin nan. Na sosa bayan kunne na ce, "Bar ta, Malam, hannu ya san aikinsa." Ya ninke takardar ya mayar kwali. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya faro. Kai ka fi ni, ka yi makaranta, kana karanta Turanci. In an ba ka kwali, ka fara da takardar, ka karanta ta a gaban kowa, da ƙarfi ma in ka ga dama. Wanda ya yi maka dariya ba shi zai hau motar ba.

Na fara aikin a kan yashi, wurin da ke gangare. Jak ɗina ɗaya ne, sai na aika gida aka ɗauko mini turamen mahaifiyarka guda biyu na tokare motar da su. Ina cikin kwance ƙafar gaba sai ɗaya ya tsage, motar ta zauna a ƙasa, saura kaɗan ta zauna a kan cinyata. Ɗayan turmin ma baƙin mai ya ɓata shi, mahaifiyarka ta yi wata guda tana daka a gidan maƙwabta, kuma har yau in aka yi maganar turmi sai ta harare ni. Ka nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ka sa dutse gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, ka tokare mota da ƙarfe ko katako mai kauri. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Kuma ka yi gefe ɗaya ka bar ɗayan, don in ka manta yadda wani abu ya zauna ka leƙa ka gani. Ni na kwance huɗun a lokaci guda, na yini ina juya kusoshi ina tambayarsu daga ina suka fito.

Yanzu ga babban. Kowace shokazoba tana da zare a jikinta, kamar na noti amma mai faɗi, kuma a kan zaren akwai zobba biyu na ƙarfe. Na duba na ga sifirin a kan zobe ɗaya yake zama. Na biyun fa? Sai na tuna duk abin da na taɓa gani na Bature da sifeya yake zuwa: taya da sifeya, fitila da sifeya, har maɓallin rigarsa akwai wani a ɗinke daga ciki. Na ce lallai mutanen nan akwai tanadi, har zobe sun sa na ajiya. Na ga kuma sifana mai ƙugiya guda biyu a kwalin, iri ɗaya, na ce ka ji, har sifana ma da sifeyarta. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa komai biyu-biyu ba. Na cire zobe ɗaya daga kowace, na zura huɗun a igiya, na rataye su a ƙusa a jikin maɗaci, da niyyar in na wuya ya lalace a canza. Har ina jin na yi wa mai mota adana.

Zobe na biyu ba sifeya ba ne. Shi ne makulli. Na farko yana ɗauke da sifirin, na biyu ana murɗo shi ya matse na farko, a kama wannan da sifana ɗaya, wancan da ɗaya, a ɗaure su suna ture juna. In babu shi, girgizar hanya tana kwance na farkon a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, ba mai gani. Duk abin da ka tarar a kwali, ka ɗauka yana da aiki har sai ka san aikinsa. In ka gama haɗa mota ka ga ƙarfe ya rage a hannunka, ba ka gama ba ke nan.

Wajen awo ma na yi shirme. Na karyo karan dawa na auna daga ƙasa zuwa bakin bodin da ke saman taya, kusurwa huɗu, duk suka zo ɗaya, na yi murna. Karan ba shi da laifi, awo ne kamar kowane. Laifin shi ne ƙasar a gangare take, kuma motar ba kowa a ciki. Malam Haruna kuwa ƙato ne, in ya shiga zaure sai ya sunkuya. Yana zama motar ta karkata wajensa. Maimakon in ɗaga ta in sauke wa sifirin nauyi, sai na kafa kurfi, ƙarfen nan mai baki, ina bugun zoben da guduma motar tana ƙasa, har na ci masa baki. Kada ka yi haka. Ka wanke zaren, ka shafa masa giris, ka ɗaga ƙafar kafin ka murɗa, zobe zai juya da hannu ma. In ka sauke motar ka tura ta gaba da baya ta zauna, sannan ka zaunar da mai ita a kujerarsa ka auna. In ya fi ƙarfin zama, ka sa buhun gero mai nauyinsa, buhu ba ya gardama. Kusoshin ƙafa kuma kada ka yi musu ɗaurin ƙarshe sai motar tana tsaye a kan tayoyinta.

Sai maganar tsawo. Malam Haruna ya ce in ɗaga ta yadda za ta haye ramin amalanke. Ina murɗawa, 'yan kallo suna cewa "Ƙara, Sale, ƙara!" Ni kuma ina ƙarawa, har zoben ya kusa ƙarshen zare. Motar ta tsaya ƙerere kamar akuya a kan turmi. Kowa ya tafa. A raina na san ta yi sama da yawa, don da na zagaya da ita bayan kasuwa na ji tana rangaji a kwana. Ban faɗa ba, saboda mai ita yana murmushi kuma mutane sun riga sun tafa. A Kano akasin haka za ka gani, yaran masu kuɗi za su ce ka sauke ta har cikinta ya riƙa lasar kwalta. Duk wauta ɗaya ce. Akwai iyakar da takarda ta faɗa, sama da ƙasa, ka tsaya a cikinta. Ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga ko taya tana taɓa bodi, ka duba tiyon birki ko ya ɗame ko yana gogar sifirin, ka sa a saita ƙafafun gaba, don duk motar da aka canza wa tsawo sai saitinta ya gudu. In mai mota ya nace a wuce iyaka, ka ce ba za ka yi ba, ya kai wani wurin. Zai ji haushi kwana biyu, ya huce.

Duk waɗannan jahilci ne, kuma da a nan abin ya tsaya da na ce Allah Ya yafe wa yaro. Abin da zan faɗa yanzu ba jahilci ba ne.

Bayan kamar sati uku, ranar kasuwa, Malam Haruna ya dawo. Manyan motoci uku suna jirana, benci cike da direbobi, kuma tun ranar da na ɗaga motar nan sunana yake yawo a tasha. Ya fito ya ce, "Sale, tana ja hagu, kuma in na hau gargada ina jin ƙara a gaba." Na taso ina goge hannu, na zagaya ta, na shuri taya, na danna gabanta. Na ga gaban hagu ya sauka, ya kai faɗin yatsa biyu. Da idona na gani. Da na durƙusa na leƙa, da na ga zoben ya gangaro, aikin da bai fi a sha ruwa ba. Amma durƙusawar nan a gaban direbobi tana nufin aikin da aka tafa wa ya dawo. Na sosa kunne na ce, "Daidai take, Malam. Sabon sifirin ne, zama yake yi." Ya dube ni ya ce, "Daidai?" Na ce, "Daidai." Ya shiga ya tafi.

Kwana huɗu bayan nan, da la'asar, yana dawowa daga allurar shanu, a wata kwana kafin kwalbati a hanyar Gwaram, zoben ya ƙarasa gangarowa. Gaban hagu ya faɗi, taya ta cije bodi, sitiyari ya ƙwace. Motar ta yi tsawo, ba ta da rufi, ta kife. Hannunsa na dama ya shiga ƙarƙashin ƙofa. Wasu mata masu tallan nono da ke komawa ruga su suka yi kururuwa aka zo aka ɗaga ta. Ya yi wata biyu a asibiti, ya fito da ransa, amma hannun ya shanye. Mai hannu ɗaya ba ya kama bijimi ya yi masa allura. Ya bar aikin da yake so, ya koma gona yana nuna wa 'ya'yansa inda za su sa fartanya.

Ni na je na jawo motar. Na shiga ƙarƙashinta na ga zoben a can ƙasan zare, sifirin yana lilo, sauran ukun ma duk sun fara tafiya. Na ɗauki takardar nan daga kwalin da aka bari a gareji na kai wa wani malamin firamare, na ce a hanya na tsince ta, ina son in ji ko ta wani ce. Ya karanta mini, yana fassarawa. Da ya zo wurin zobe na biyu sai ya ce an ja layi a ƙarƙashin maganar har sau biyu. Na yi masa godiya, na fito na zauna a bakin hanya har aka kira magariba.

Gari ya yi ta magana. Wasu suka ce gudu yake yi, wasu suka ce motar Bature ba ta karɓar baƙin mutum, mafi yawa suka ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, ban musa ba, amma na san hannun da ta biyo. Na bar su suna faɗa. Na je dubiya sau ɗaya cikin ayarin mutane, na tsaya a baya, na ce Allah Ya sawwaƙe, na fito.

Da kaka ta yi, sai ga shi ya sauko daga motar haya a bakin garejin, hannun yana cikin riga. Ya gaisa da kowa. Ya tsaya a gindin maɗaci ya ɗaga kai ya kalli zobban nan huɗu a jikin ƙusa, don ban iya cire su ba, ban kuma iya kallonsu ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya ce, "Sannu da aiki, Daidai." Ya wuce kasuwa. Direbobi suka ji, suka ce kai, mutumin da ya yi hatsari ma yana yabon aikin Sale. Kafin sati sunan ya kama. Da arzikin man fetur ya zo ƙasar nan, hanya ta cika da motoci, har daga nesa ake cewa a kai wa Daidai. Gaskiya ne tun daga ranar ban sake sallamar mota ba sai na shiga ƙarƙashinta sau biyu, ka sha gani kana ƙunƙuni. Ba ƙwarewa ce ta sa ba, tsoro ne. Shekara goma sha tara duk wanda ya kira ni da sunan nan muryar Malam Haruna nake ji. Da ka fara tasowa kana tambayar mene ne waɗancan a jikin ƙusa, sai na sauke su na jefa a gwangwani.

In mota ta dawo, ka durƙusa. Ko gwamna ne a benci, ka durƙusa ka leƙa. Mai mota ya fi ka sanin motarsa, shi yake kwana da ita a hanya, in ya ce yana jin ƙara to akwai ƙara. Kuma kada ka jira ya dawo don kansa. In ka kulle zobban, ka ja layin fenti ɗaya a kan su biyun har zuwa jikin zare, ka ce ya kawo ta bayan sati. In layin ya rabu, ka san wani abu ya motsa. Jan fentin da ka yi rubutu da shi a akwati zai yi.

Ranar Alhamis na ce muku zan je Gwaram duba wani injin niƙa. Ba injin da na duba. Na zuba zobban a aljihu na hau mota. Na tarar da Malam Haruna a zaure yana ɓarar gyaɗa da hannun hagu, yana matse ta da gwiwa. Ya tsufa, ƙaton nan duk ya zube. Muka gaisa, ya tambayi gida, na tambayi gona, muka yi maganar ruwan bana har ta ƙare, muka sake gaisawa. Da na ga zan tashi ban faɗa ba, sai na fito da zobban na ajiye a kan tabarma.

Na ce, "Malam, na kawo abin da ya kamata in ɗaura tun wancan lokaci. Ni na cire su. Kuma ranar da ka dawo na ga ta sauka, na ce maka daidai take. Ka yafe mini."

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya goge tsatsar a gwiwarsa. Ya ce, "Ai na sani, Sale."

Na ce, "Na san ka sani. Tun ranar da ka kalli ƙusar."

Ya ce, "A'a. Tun ranar da na ɗauki motar." Na ɗago kai. Ya ce, "Kafin in kawo maka kwalin na karanta takardar a gida. Ban gane duka ba, amma na tuna an yi maganar zobe biyu. Ranar da ka gama na ga huɗu a rataye. Na buɗe baki zan tambaya, sai na ga mutane suna tafa maka, ga ka yaro da sabon gareji da jariri a gida. Na ji nauyin in gyara maka a gabansu. Na ce in na dawo na tambaye ka a keɓe. Da na dawo kuma na tarar da benci ya fi na da cika."

Na mayar da idona kan zobban. Shekara goma sha tara ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ashe shi ma yana ɗauke da rabinsa a Gwaram.

Ya ce, "Na yafe maka tun ina kwance a asibiti. Sunan ne ban kyauta ba, da zafi na faɗe shi, ban san zai bi ka ba. Kai ma ka yafe mini." Na ce ba abin yafewa. Ya ce in dai faɗa, na ce na yafe. Sannan ya tura mini gyaɗa ya ce, "To me ya taso da kai yau, bayan gemu ya yi fari?"

Na ce, "Yaron ne zai tafi Kano. An ba shi irin aikin, ya ce ya sani."

"Wane yaron?"

"Na Inna."

"Ba shi da suna?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka gaya masa bai sani ba?" Na ce ai ka san ɗan fari ne. Dariyar ta tsaya. Ya ɗaga hannun rigar nan da ba komai a cikinsa sai ƙashi ya ce, "Sale, ni na ji nauyinka, kai ka ji kunyar direbobi, ga abin da muka samu. Yanzu kuma za ka ji kunyar ɗanka. Hannun wa kake so a ba da wannan karon?"

Ya riƙe zobe ɗaya, ya ce zai sa a maɗaurin ɗan akuyarsa, ko ba komai ya yi wani aiki a duniya. Ya ce in kawo maka ukun.

Jiya Juma'a na yi niyyar faɗa maka da baki. Mun dawo masallaci tare, kana bayana da taku uku kamar kullum, na tsaya a ƙofar gida na juyo, sai na ji kaina ina cewa "a duba ko an rufe gareji." Ka ce to. Shi ya sa na zauna yau na rubuta. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, ban ce ka yar da ita ba. Ka ji kunyar surukanka, ka ji kunyar manya, ka rusuna inda ake rusunawa. Amma ƙarfe bai san ta ba, kuma wanda zai hau motar nan ranar Litinin ɗan wani ne, uwarsa tana jiransa ya dawo cin abinci.

Ga abin da nake so. Litinin da safe, kafin ka taɓa jak, ka je wurin Alhaji Mudi ka ce, "Alhaji, ranar Laraba na ce na sani, ban taɓa ɗaurawa ba. A ba ni takardar, a haɗa ni da wanda ya taɓa yi." Ka faɗa ko da yaran gareji suna tsaye. Ina kyautata zaton zai ƙara riƙe ka, don ya daɗe a sana'ar nan, ya san abin da "na sani" take jawowa. In kuma ya ce ka kama hanya, ka kamo ta, gindin maɗaci yana nan kuma inuwarsa ta ishe mu mu biyu. Ba zan ji kunyar ka dawo a kan wannan ba. Zan yi alfahari, ga shi na faɗa.

Zobban uku suna cikin tsumma a kusurwar akwatin, kusa da kurfi. Ba su da amfani a kowace mota yanzu, tsatsa ta cinye zaren. Ka rataye su inda za ka riƙa gani. Rubutun da ka yi a akwati kuma ya rage naka, ko ka goge ko ka bari, yanzu dai ka san abin da ka rubuta.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ko hannunka da baƙin mai, sabulu bai yi wuya ba. Ka riƙa aiko wa mahaifiyarka da saƙo ta hannun direbobi, don ba za ta tambaya ba, sai dai ta riƙa leƙen hanya. Allah Ya yi wa hannunka albarka, Ya sa duk motar da ta fita daga gabanka ta kai mai ita gida. Allah Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin tafin mutane.

Takarda ta kusa ƙarewa, na daɗe ina kallon ɗan wurin da ya rage. Malam Haruna ya tambaye ni ko ba ka da suna. Kana da shi, ni na zaɓa, ni na raɗa wa liman a kunne ranar suna, tun daga ranar kuma ban sake furta shi ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Idrisu.

Ni ne mahaifinka,
Sale.